Wa za a sa a ragar United? Onana, Bayindir, ko a koma kasuwa

Laraba, 27 ga Agusta 2025, da dare

Ɗan Fagge: Jama'a ni tun kafin a gama fenareti na taso daga gidan kallo, a hanya wani mai babur ya wuce ni yana ihu wai 12 da 11. Grimsby fa! Ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila ta fitar da Manchester United daga kofin Carabao bayan an tashi 2-2. To ranar Litinin ƙarfe 7 na yamma za a rufe kasuwar 'yan wasa. Tambaya ɗaya na kawo muku: wa za a sa a raga? Ban da ashar, ban da zagin iyaye. Wanda ya yi, waje.

Auta: Donnarumma. Na gama magana.

Abba Gunners: Salamu alaikum. Gaisuwa na shigo yi. Ya ƙarin haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan.

Ɗan Fagge: Wa ya sake shigo mana da yaron nan?

Kawu Bala: Ni ne, ɗan ƙanwata ne. Ƙyale shi ya yi, ai ranarsa ce. Abba ka gama ka koma gefe, manya za su yi magana.

Maman Walid: Ni abin da ya fi ƙona min rai ba fenaretin ba ne. Cunha fam miliyan 62 da rabi, Mbeumo sama da 65, Sesko ya fi haka. Kusan miliyan 200 a gaba kaɗai. An sayo sabbin kujeru an cika falo, ƙofar gida kuma ba sakata. Tun watan Mayu da Tottenham ta ci mu a Bilbao kowa ya san akwai matsala a raga, sai yanzu da ya rage kwana biyar za a fara neman gola?

Sale Gola: Anti kin faɗi gaskiya. Bari in yi magana a matsayin wanda ya taɓa tsayawa a raga, ko da a filin unguwa ne da gasar ƙaramar hukuma. Ƙwallon farko ta yau ta turken da ke kusa da Onana ta shige. Wannan ita ce doka ta farko da ake koya wa yaro ranar da aka ba shi safar hannu: turken kusa naka ne, in za a ci ka a ci ka ta can nesa. Ta biyu kuwa ta fi ba ni takaici. An ɗago ƙwallo cikin cunkoso, ya yanke shawarar fitowa, wanda ba laifi ba ne. Amma in ka fito dole ɗayan biyu: ko ka cafke, ko ka dunƙule hannu ka nausa ta ta yi nisa. Shi ya fito, ya ratsa mutane, bai taɓa komai ba, ƙwallo ta faɗi a gaban raga babu kowa a ciki. Yaron da ya ci ma, Warren, a makarantar United ya taso. A fenareti an buga masa 13 ya tare ɗaya, kuma da yawa hannunsa ya kai, sai dai hannun ba ƙarfi.

Ɗan Garwa: To an fara. Dama jira kuke. Mutum ya dawo daga ciwon cinya, bai buga wasa ko ɗaya na share fage ba, an jefa shi cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, a gabansa 'yan baya suna kallon juna. Cunha ya samu bugun da zai gama wasa ya miƙa wa gola, Mbeumo ya daki ƙarfe, amma duk ba ku gani ba sai Onana.

Auta: Ɗan Garwa don dai ɗan ƙasarku ne.

Ɗan Garwa: Ƙanena, mu a Kamaru ba mu raga masa ba. Lokacin da Rigobert Song ya sallame shi daga gasar kofin duniya a Ƙatar a 2022, rabin majalisarmu a Garwa bayan koci suka bi. Da ya tsaya buga wa United wasa da Tottenham a Janairun 2024 ya makara zuwa gasar Afirka, har bai kama wasanmu da Gini ba, mu muka fi kowa surfa masa. Saboda haka ba zancen ɗan gida ba ne. Abin da nake cewa shi ne ku tuna dalilin da ya sa aka saye shi. A Ajax ƙarƙashin Ten Hag, da kuma Inter da ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2023, aikinsa shi ne fara wasa daga baya da ƙafa. Yana da mutanen da za su buɗe su karɓa. An biya Inter sama da fam miliyan 43 don wannan ƙafar, aka kawo shi, sai aka wayi gari ba wanda ke son karɓar ƙwallo a tsakiya, shi kuma yana ta lafta ta sama. Abin da aka saye shi dominsa ba a yi amfani da shi ba, sai abin da bai fi ƙwarewa a kai ba aka bar shi da shi, ana ta yi masa ruwan ƙwallaye duk mako.

Malam Nura: Akwai gaskiya a maganarka, amma ba ta wanke shi duka ba. Ƙwallon Sané a Munich da ta sulale ta ƙarƙashinsa, ba 'yan tsakiya ba ne. Firikik biyu na Ziyech a Istanbul da muka tashi 3-3 da Galatasaray, ba 'yan tsakiya ba ne, kuma su suka taimaka muka ƙare a ƙarshen rukuni. Ta Gibbs-White da Forest a Disamban bara, a tsaye yake ta wuce shi. Sai Lyon a watan Afrilu. Shi ya fara cewa mun fi su nesa ba kusa ba, Matic ya mayar masa da cewa yana cikin gololi mafi muni a tarihin United, aka shiga fili ya yi kuskure biyu aka tashi 2-2. In za ka yi baki, to hannunka ya rufa maka asiri.

Ɗan Garwa: Fenaretin Copenhagen a minti na ƙarshe fa? Kofin FA da muka ci City a 2024 fa, wa ke raga?

Malam Nura: Shi ne. Ba wanda ya ce bai iya ba. Matsalarsa ba ka san wanda zai fito ba a ranar.

Alhamis, 28 ga Agusta

Kawu Bala: Na bar ku jiya kun huce. Yanzu ku saurara, don wannan fim ɗin na taɓa kallonsa, yawancinku lokacin kuna goye. Schmeichel ya zo daga Brondby a 1991 kan fam dubu 505, ya tafi a 1999 bayan an ɗauki kofi uku. Daga nan Ferguson, da duk wayonsa, sai da ya shekara shida yana lalube. Ya dawo da Bosnich, bai yi ba. Ya sayo Taibi daga Venezia kan miliyan 4 da rabi. Wasansa na farko a Anfield muka ci 3-2 aka ba shi gwarzon wasa, muka ce an samu. Sai ga Southampton, Le Tissier ya buga wata ƙwallo mara ƙarfi da ko ɗan firamare zai kama, mutumin nan ya durƙusa, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige tana tafiya a hankali. Chelsea ta zuba masa 5, shi ke nan, wasa huɗu kacal ya yi. Sai Barthez, mai kofin duniya a hannu, wanda ya tsaya ƙiƙam ya ɗaga hannu wai Di Canio ya yi satar gida, shi kuwa ya zura abinsa West Ham ta fitar da mu a kofin FA. Sai Tim Howard da ya amayar da firikik a gaban Costinha a 2004, Mourinho ya kwasa da gudu a gefen fili, daga ranar duniya ta san shi. Sai Roy Carroll da ya saki ƙwallon Pedro Mendes ta wuce layi, Allah ya rufe idon mai tuta. Me ya kawo ƙarshen wannan wahala? Dattijo ɗan shekara 34 daga Fulham, kan kusan miliyan 2. Van der Sar. Shi ya tare bugun Anelka a Mosko a 2008, shi ya yi minti 1,311 ba a ci shi ba a Firimiya, sai da ya kai 40 ya ajiye. Ragar Old Trafford ba wurin koyon aiki ba ne. A kawo wanda ya riga ya ga jiya ya ga yau. A kawo Emi Martinez na Aston Villa.

Maman Walid: Kawu ka tuna min da Barthez, Baban Walid har yau in ya ga mai sanƙo a raga sai gabansa ya faɗi.

Auta: Kawu da girmanka, in dai wanda ya ga jiya ake nema ai Donnarumma ya fi. Shekararsa 26 amma tun yana 16 yake kama wa Milan. Wata uku da suka wuce ya ɗauki kofin zakarun Turai, PSG ta yi wa Inter 5 da nema. Shi ya tare Sancho da Saka a Wembley, aka ba shi gwarzon gasar Turai gaba ɗaya. Kuma PSG ta sayo Chevalier daga Lille, ko tafiya wasan Super Cup ba a yi da shi ba. Yana nan a kasuwa, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Me ake jira?

Malam Nura: Albashi ake jira, Auta. Mun ƙare na 15 da maki 42, bana ba mu zuwa Turai ko ta wace ƙofa, jiya kuma an rufe mana ƙofar kofi ɗaya. Ratcliffe, mai hannun jari a kulob ɗin, da ya sallami ɗaruruwan ma'aikata don rage kashe kuɗi, shi ne zai sa hannu a ba gola albashin da zai zarce na kusan kowa a ƙungiya? Kuma shi Donnarumman me zai zo yi? Mutumin da ya saba jin waƙar kofin zakaru duk Talata da Laraba.

Abba Gunners: Zai zo ne ya rama muku abin da Grimsby ta yi, baɗi.

Ɗan Fagge: Abba wannan gargaɗi na farko.

Sale Gola: Ni dai kafin a kira suna, a fara tambayar wane irin gola muke buƙata. Kowa na ta zancen ƙafa tun lokacin da Guardiola ya ajiye Joe Hart, amma ku duba yadda ake cin mu. Disamban bara Son na Tottenham ya ci ɗaya golan namu, Bayindir, kai tsaye daga kwana, bayan mako ɗaya Cunha, lokacin yana Wolves, ya ci Onana kai tsaye daga kwana. Gola biyu, cuta ɗaya. Ku dawo wasan farko na bana da Arsenal, minti na 13. Rice ya murɗo kwana tana lanƙwasowa cikin raga. Saliba bai ko kalli ƙwallon ba, aikinsa kawai ya jingina bayansa da Bayindir ya hana shi sararin tashi. Bayindir ya tsaya a kan layi, ƙafafunsa biyu a haɗe, bai ture mutumin ba tun kafin a buga, bai kira ɗan baya ya zo ya shiga tsakaninsu ba. Da ƙwallo ta iso sai ya miƙa hannu ɗaya a buɗe ya ɗan shafe ta, ta nufi cikin raga, Calafiori ya sa kai a kan layi. Mun fi su wasa ranar, amma da wannan aka tashi. Fulham suka gani, suka yi ta yi masa haka mako na gaba. Yanzu kowace ƙungiya a Ingila tana da kocin kwana da firikik, kuma duk sun san in an tsaya a jikin golanmu an gama. Abin da muke buƙata dogon mutum ne mai faɗin ƙirji wanda zai yi tsawa ya fito ya ɗauke ƙwallo a sama, ya kwanta da ita, kowa ya numfasa. Ko bai iya fasin yadi arba'in ba, na yafe.

Kawu Bala: Ka ga Martinez ke nan ka zana.

Sale Gola: A wannan fannin kam ya iya, Kawu, ba musu. Yana da jiki, yana da baki, 'yan gaba na shakkarsa.

Ɗan Garwa: Wanda aka ba jan kati a Old Trafford ranar ƙarshe ta kakar bara? Ya baro ragarsa ya zo ya banke Hojlund, ya jawo wa Villa asarar gurbin kofin zakaru. Da Onana ne ya yi haka da har yau ana yawo da bidiyon.

Kawu Bala: Ɗana, wanda ya miƙa ƙafa ya tare Kolo Muani a minti na ƙarshe na wasan ƙarshe na kofin duniya, an yafe masa jan kati ɗaya. Kofin duniya, Copa America biyu, kyautar Yashin ta gwarzon gola sau biyu a jere. Wannan ba ya jin tsoron ihun mutum dubu saba'in.

Malam Nura: Kawu ina da ja a kan kwatancen Van der Sar. Na farko, shi miliyan 2 aka saye shi, ko da bai yi ba ba a yi asara ba. Martinez kwantiraginsa da Villa sai 2029, ba za su bayar da shi a banza ba, ga albashi mai nauyi, ga shi ranar Talata zai cika 33. Bayan shekara biyu in ya fara sanyi wa zai saya? Irin wannan cinikin ne ya kai mu inda muke. Casemiro an biya miliyan 60 yana da shekara 30. Alexis Sanchez fa? Na biyu, Van der Sar ya tarar da Rio Ferdinand, bayan wata shida Vidic da Evra suka zo. A bayan waɗannan ko ni aka sa zan yi suna.

Kawu Bala: Kai Nura ko ƙwallon roba ba za ka tare ba. Lissafinka na 'yan kasuwa ne. Ni ba ribar sayarwa nake nema ba, ina so in kalli wasa ranar Asabar ba tare da na sha maganin hawan jini ba.

Maman Walid: Ni kuwa har yanzu ban gane laifin da De Gea ya yi aka bar shi ya tafi haka ba ko bankwana. Wasa 545, sau 190 ba a ci shi ba, babu golan da ya kai haka a tarihin kulob ɗin. A kakar da ya tafi ma shi ya ɗauki kyautar safar zinare. Yana can Fiorentina yana kama abinsa.

Malam Nura: Anti kin manta Sevilla da aka ci mu 3-0, da ƙwallon Benrahma a West Ham, da ta biyun Gundogan a Wembley? A zauren nan aka yi ta cewa ya tafi. Tafiyarsa ba laifi ba ce, yadda aka yi ta ne babu mutunci. Wanda ni ke min ciwo Dean Henderson ne. Namu ne, mu muka raine shi, muka sayar wa Crystal Palace a 2023. Bana ya tare fenaretin Marmoush ya ɗauki kofin FA a hannun City, ya zo ya tare wa Liverpool biyu a Community Shield.

Ɗan Fagge: To ni ina ta jin sunan wani yaro daga Beljiyam, Lammens. Wa ya san shi?

Auta: Ba wanda ya san shi. Ko a gem ban taɓa cin karo da shi ba.

Malam Nura: Senne Lammens, Royal Antwerp, shekara 23, dogo ne, ya haura mita 1.9. A Club Brugge ya taso. Kakar da ta wuce ita ce ta farko da ya kama cikakkiya, kuma babu golan da ya kai shi yawan tare ƙwallo a gasar Beljiyam, har da fenareti huɗu. Yana yaro ma ya taɓa hawowa ya ci Real Madrid da ka a gasar matasan Turai.

Kawu Bala: Yawan tare ƙwallo ai alama ce ta cewa 'yan bayansa ba su da kirki, ba wai shi ya fi kowa ba. Kuma gasar Beljiyam? Ko wasa ɗaya bai yi wa babbar tawagar ƙasarsa ba.

Sale Gola: Ƙasar da Courtois ke raga, Kawu, ga Sels na Forest a bayansa, wa zai samu wuri? Na zauna na kalli bidiyonsa jiya da dare, ba na tsalle-tsallen da ake haɗawa da kiɗa ba, na nemi inda ake bugo masa kwana. Yaron yana fitowa. Yana ɗaga gwiwa ɗaya ya kare jikinsa, ya kama da hannu biyu a saman kan mutane. Kuma ba shi da rawar kai, in ya kama ba ya tashi yana yi wa kowa ihu. Abin da ba zan iya sani daga bidiyo ba shi ne ranar da zai yi kuskuren farko a gaban Stretford End, jaridu su kwana a kansa, ya zai tashi washegari.

Asabar, 30 ga Agusta

Ɗan Fagge: 3-2. Da ƙyar da jiɓin goshi, sai da Bruno ya ci fenareti a minti na 97. Burnley fa, da suka hau bana.

Sale Gola: Kun ga ta biyun? Jifa aka yi daga gefe, aka yi ta kai-komo a cikin yadi na 18, aka buga, Bayindir ya ture ta gaban raga maimakon gefe, Anthony ya ƙarasa. Yaron nan ina tausayinsa. Shi ne fa ya fitar da mu kunya a Emirates a Janairu, muna mutum goma ya tare fenaretin Odegaard, ya zo ya tare ta Havertz. A kan layi yana da kyau. Amma duk ƙwallon da ta tashi sama, kana ganin tsoro a fuskarsa tun daga talabijin.

Abba Gunners: Wancan wasan na Janairu ba a lissafa shi, alƙalin wasa ne.

Ɗan Garwa: To ga shi an ajiye Onana, an daina cin ku? Ku je ku kawo duk wanda za ku kawo. Muddin tsakiyar nan mutum biyu ce, Bruno da Casemiro, ana ratsa ta kamar ba kowa, golan zai sha wuya. An nemi Baleba, Brighton ta faɗi kuɗi aka ja da baya. Shi ma ɗan Kamaru ne, sai ku ce son kai ne.

Maman Walid: A nan kam ina bayanka. Amma ba a fasa gyara raga don tsakiya ta lalace. An sayar da Garnacho wa Chelsea miliyan 40, kuɗi ya shigo, ba su da hujja.

Lahadi, 31 ga Agusta

Kawu Bala: Alhamdulillahi. Ku duba sunayen Villa da Palace, babu Martinez ko a benci, Bizot ne a raga. Mutum ba ya zama a gida haka kawai ana gobe rufe kasuwa. Nura ka shirya ba ni haƙuri.

Malam Nura: Lammens ma Antwerp ta ajiye shi, Kawu. Duka biyun an sa su jira, ɗaya za a ɗauka. Kocinmu Amorim dai kowa ya san gogagge yake so, don wuyansa ne a kan igiya. Masu ofis kuma yaro suke so. Gobe za mu san wa ke da ta cewa a gidan.

Auta: Ni dai har yanzu ban cire rai ba.

Ɗan Fagge: Auta cire. Ederson na hanyar Fenerbahce, ka san inda naka zai sauka.

Litinin, 1 ga Satumba

Malam Nura: An gama. Lammens ne. Yuro miliyan 21, wato fam miliyan 18 da 'yan kai, da ƙarin wasu in ya cika sharuɗɗa. Kwantiragi har 2030.

Kawu Bala: Inna lillahi. An bar Martinez bai buga wa ƙungiyarsa wasa ba, ya zauna yana jiran waya, aka shanya shi. Sai ma muka ba Villa aron Sancho, mu muka tashi da ɗan makaranta. Wallahi mutanen nan ba su koyi komai ba.

Sale Gola: Kawu a yi haƙuri a ba shi dama. De Gea yana da shekara 20 ya zo a 2011, siriri kamar a hure shi ya faɗi. Blackburn suka yi ta danne shi a kwana har suka ci mu 3-2 a gida ranar ƙarshe ta shekarar, Ferguson ya ajiye shi ya sa Lindegaard. Da a zamanin nan ne da an ce a mayar da shi Madrid. Chelsea ta kashe sama da miliyan 71 a kan Kepa, amma Mendy da ta ɗauko daga Rennes kan kusan 22, wanda a lokacin ba kowa ya san shi ba, shi ya tsare mata raga ta ci kofin zakaru a 2021.

Kawu Bala: Liverpool kuma da Karius ya kashe ta a Kiyef ba ta je neman yaro ba, ta ajiye kusan miliyan 67 ta ɗauko Alisson, shekara na zagayowa ta ɗauki kofin. Kowa na da misalinsa, Sale. Bambancin shi ne De Gea Ferguson ya tarar, wanda in ya ce yaro zai yi, ba ɗan jaridar da ya isa. Wannan wa zai tsaya masa? Kocin da shi kansa ba a san ko zai kai Kirsimeti ba?

Maman Walid: Wannan tambayar ta Kawu ita ce ba wanda ya amsa.

Malam Nura: Ba ni da amsarta, Anti. Abin da na sani, in yaron bai yi ba miliyan 18 aka yi asara, kuma ana iya sayar da shi. In Martinez ne bai yi ba, mun ɗaure kanmu da albashinsa shekaru.

Ɗan Fagge: Yanzu gola huɗu ke nan: Onana, Bayindir, Heaton, da sabon. Wasa ɗaya a mako, ba Turai, ba kofin Carabao. Dole wani ya tafi.

Ɗan Garwa: Kun san wanda za a tura. Kasuwar Turkiyya ba ta rufe ba tukuna. Ni ma na fi so ya tafi, ya samu inda zai riƙa kamawa duk mako kafin gasar Afirka a Maroko a Disamba. Mu muna da buƙatarsa ko ku ba ku da ita.

Talata, 2 ga Satumba

Auta: City ta sanar. Donnarumma, kusan fam miliyan 26. Miliyan takwas kacal tsakaninsa da namu. Takwas!

Malam Nura: Ka haɗa da albashin shekara biyar ka sake lissafi.

Auta: Ba zan haɗa ba.

Sale Gola: In ni ne Amorim ba zan fara da yaron a wasanmu da City a Etihad ba. A bar shi ya yi mako uku ko huɗu yana atisaye, ya san muryar De Ligt da Yoro, ya san wa ke tsayawa a turken kusa in za a bugo kwana. A fara sa shi a wasan gida da ƙungiyar da ba za ta yi mana ruwan ƙwallo ba.

Kawu Bala: Wato dai ranar 14 ga wata Bayindir ne zai tsaya a gaban Haaland. Ku rubuta ku ajiye.

Auta: Donnarumma kuma yana ɗaya ragar.

Abba Gunners: Kawu, ranar in zo da tabarma ko akwai isassun kujeru?